Zinki a gonar masara: a zuba a ƙasa, a fesa a ganye, ko a jiƙa iri?

Mako biyu zuwa huɗu bayan tsiro ne abin yakan bayyana. Yabanya ta sha ruwa, an ba ta takin kamfa, gonar maƙwabci ta yi kore shar, amma taka sai ka ga wani gefe ya tsaya cak. Sabon ganyen da ke fitowa daga tsakiya yana ɗauke da faffaɗan zane fari-fari a dama da hagu na jijiyar tsakiya, ita jijiyar da bakin ganyen kuwa suna nan kore. Gaɓoɓin kara sun matsu da juna, masarar ta gajarce kamar an danne ta da hannu. Abin da yawancinmu muke yi a nan shi ne mu ƙara yuriya. Kuɗi ya tafi, farin ganye yana nan.

Sau da yawa wannan yunwar zinki ce, sinadarin nan da iyaye mata suka sani a ƙwayar da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Masara na cikin amfanin gonar da suka fi saurin nuna ƙarancinsa. Da shi take haɗa sinadarin da ke miƙar da gaɓa, shi ya sa take gajarta idan babu. Yana kuma cikin abin da ke ƙarfafa garin bunni, don haka ƙarancinsa kan bar goyo da giɓi. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar bukatar: buhun masara mai kilo 100 bai ɗauke da zinkin da ya wuce giram 2 zuwa 2 da rabi. Hekta guda, har da kara da ganye, da wuya ta zuƙi rabin kilo. Amma idan wannan ɗan kaɗan ɗin ya gaza, buhunan kamfa da yuriyar da ka zuba ba za su biya ka yadda ya kamata ba.

Wanda ya yarda gonarsa na bukata sai ya tarar da hanyoyi biyar a gabansa, kowace da mai yabonta. Su nake so mu auna.

Da farko, gonarka na bukata kuwa?

Ina nanata wannan domin shi ne wurin da aka fi asarar kuɗi. Zinki ba ya ƙara komai a gonar da take da isasshe. Gwaje-gwajen da masana na IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, da na Jami'ar Bayero ta Kano suka yi a gonakin manoma na Kano da Kaduna da Katsina a daminar 2015 da 2016 sun nuna cewa naitirojin da fosfaras su ne manyan abubuwan da ke riƙe masara a yankin. Ƙananan sinadarai sun yi tasiri a wasu gonaki, a wasu kuma ba a ga bambanci ba. Wanda bai iya sayen isasshen kamfa da yuriya ba, kada ya rage kuɗinsu don ya sayi zinki.

Sannan ba kowane fari ko rawayar ganye ba ne zinki. Yunwar naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya. Yunwar farar wuta kan sa sabon ganye ya koɗe gaba ɗayansa, ba zane-zane ba. Cutar zanen ganye, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsalle yake yaɗawa, siraran layuka take yi masu yankewa a duk faɗin ganyen, kuma za ka ga tushe mai ciwo kusa da mai lafiya. Wuta-wuta ma tana tsugunar da masara tun kafin ta fito fili. Shi zinki yanki-yanki yake kamawa, kuma yankin yakan bi yanayin ƙasa.

Inda ya fi yawa: jigawa mai rairayi da aka daɗe ana nomawa ba takin gargajiya, kan tudu da ruwa ya kwashe ƙasar sama, filin noman rani da aka baje da mota aka tone ƙasar ƙarƙashi, ƙasa mai kanwa, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, ya haura 7, da gonar da ake ta loda wa takin fosfaras irin su sufa ko DAP shekara da shekaru, domin yawan fosfaras na rage zinkin da shuka ke samu. Sanyi ma yana hana saiwa zuƙa, shi ya sa masu masarar rani a Kadawa da Kura da makamantansu suka fi ganinsa a shukar hunturu. A ƙara da al'adarmu ta kwashe kara kakaf don dabbobi da danga da girki, abin da ya fita daga gona bai komawa.

Wanda yake da hali ya kai ƙasarsa a auna a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko sashen kimiyyar ƙasa na jami'ar da ke kusa da shi. A awon da ake kira DTPA, ƙasa da miligiram 0.5 a kilon ƙasa ƙaranci ne tabbas, tsakanin 0.5 da 1 kuwa ana kan gaɓa. Wanda bai da hali, gonarsa ce ɗakin gwajinsa, zan dawo kan wannan a ƙarshe.

Abin da za mu auna da shi

Abu huɗu ne. Tsada, ba farashin kilo kaɗai ba, har da kilo nawa hekta ke ci da kuɗin ƙwadago. Daɗewa, wato ko amfanin na damina ɗaya ne ko zai bi gonar shekaru. Sauƙin aiki a lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Sai haɗari: ƙona shuka, kashe iri, ko sayen jabu. Farashi a kasuwa yana sauyawa tsakanin Mayu da Yuli ma, balle shekara zuwa shekara, don haka da nauyin kaya zan yi lissafi. Kai sai ka ninka da farashin garinku, ka mai da shi mudun masara.

Zinki salfet a ƙasa

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma a ganina har yanzu ita ce ginshiƙi. Iri biyu ake samu. Akwai mai kama da sukari ko gishiri, zinkinsa kashi 21 zuwa 22 cikin 100. Akwai gari ko ƙwaya mai kashi 33 zuwa 36. Bambancin ba ƙarami ba ne: kilo 25 na farkon daidai yake da kilo 15 ko 16 na biyun, dukansu suna ba hekta kamar kilo 5 na zinki tsantsa. Idan mai shago ya sa musu farashi kusa da juna, mai kashi 33 ne mai araha. Kullum ka duba lambar da ke gaban haruffan Zn a jikin buhu kafin ka tambayi kuɗi.

Mai karatu zai ce, tunda masara ba ta cin ko rabin kilo, me ya sa za a zuba biyar? Dalili shi ne ƙasa tana kama zinki ta riƙe, ba ya yawo da ruwa kamar yuriya. Inda ya faɗa nan yake zama, sai saiwa ta je ta same shi. Wannan hali shi ne aibinsa, shi ne kuma alherinsa. Aibin: idan ka barbaɗa shi a saman ƙasa bayan masara ta girma, kusan ka yi aikin banza a wannan daminar. Dole a zuba shi kafin huɗa, garma ta juya shi cikin kunya, ko a binne shi kusa da rami lokacin shuka. Alherin kuwa: ruwan sama ba ya wanke shi, zubi ɗaya na kilo 25 kan riƙe gona shekara uku, a wata ƙasar har fiye. Gyaɗa ko waken suya ko dawar da za ta biyo baya ita ma za ta ci moriya. Idan ka raba kuɗin gida uku, tsadar da ta ba ka tsoro a ranar saye sai ta sauko.

Wahalarsa a wajen rabawa take. Hekta mai tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin rami tana ɗaukar tushe 53,000 da 'yan kai. Kilo 25 a kan wannan adadi bai kai rabin giram ga kowane tushe ba, ba hannun da zai iya auna shi. Mafita ita ce a cakuɗa shi sosai da busasshen rairayi ko turɓaya buhu ɗaya ko biyu, sannan a raba gonar gida huɗu, cakuɗin ma gida huɗu, don kada ya ƙare a rabin gona. Mai binnewa a gindi zai iya rage adadin zuwa kilo 10 ko 12 na mai kashi 21, amma daɗewarsa za ta ragu, kuma kada ya taɓa ƙwayar iri, a bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu.

Abu biyu na kiyayewa. Kada a haɗa mai kama da sukarin da yuriya a ajiye, za su jiƙe su dunƙule. Kada kuma a cakuɗa shi da sufa ko DAP a bar shi ya kwana biyu, fosfaras na ɗaure zinki ya hana shi narkewa. Haka nan kada a maimaita cikakken adadin kowace shekara, yawansa na iya hana shuka samun sinadarin ƙarfe.

Akwai kuma zinki oksayid, wanda lambarsa ke ruɗin mutane, domin yakan kai kashi 70 zuwa 80. Ba ya narkewa a ruwa. Idan gari ne mai laushi aka juya shi cikin ƙasa mai ɗan tsami, a hankali zai yi aiki. Idan ƙwaya-ƙwaya ne, ko ƙasar mai kanwa ce, masarar bana ba za ta amfana da shi sosai ba.

Kamfa mai zinki a ciki

Kamfa 15-15-15 da muka saba da ita, da 20-10-10 da ta yaɗu bayan shirin takin shugaban ƙasa na Disamban 2016, ba su da zinki sai idan an rubuta a buhu. Yanzu akwai masu haɗa taki da ke ƙara farar wuta da zinki da boron, musamman don masara. Sauƙinta babu kamarsa: ba ƙarin aiki, ba ƙarin leburori, yadda ka saba zuba kamfa haka za ka zuba.

Lissafin ne ya kamata a yi da idon basira. Idan buhu ya ce kashi 1 cikin 100, kowane buhu mai kilo 50 rabin kilo na zinki yake ɗauke da shi. Mai zuba buhu shida zuwa takwas a hekta ya sami kilo 3 zuwa 4, ya wadatar. Mai zuba buhu biyu kuwa, wanda shi ne halin da yawanmu, kilo 1 kacal ya samu. Hakan na iya riƙe gonar da ƙarancinta bai yi tsanani ba, amma ba zai tayar da wadda ta riga ta kwanta ba.

Sannan yadda aka sa zinkin yana da muhimmanci. Wani an shafe kowace ƙwayar taki da shi, ko an narka shi cikin ƙwayar tun daga masana'anta, wannan kowane tushe zai samu. Wani kuwa 'yan ƙwayoyin zinki aka watsa cikin buhu, idan mota ta yi ta jijjiga a hanya sai su taru a wuri ɗaya, murfin kwalbar da ka zuba wa wannan tushe ya samu, na gaba bai samu ba. Irin wannan a zazzage shi a kan tamfol a juya kafin a fita da shi gona.

Babban haɗarin shi ne amana. Ido ba ya ganin kashi 1 cikin 100. Na taɓa biyan ƙarin kuɗi a kan buhunan da aka ce min masu zinki ne, sai a gida na lura ɗinkin bakinsu ba na masana'anta ba ne, an farke an sake. Ban iya tabbatar da abin da ke ciki ba, kuma wannan rashin tabbas ɗin ya ɓata min gwajin shekara guda. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa masu haɗawa da dillalai rajista da bayyana abin da ke cikin buhu. Ka sayi naka wurin dillali mai rajista, ka karɓi rasit, ka ajiye buhu ɗaya da ba komai har kaka.

Feshi a ganye

Wannan ita ce hanyar ceto. Idan farin ganye ya riga ya fito, zubawa a ƙasa ya makara, feshi ne kaɗai zai kai zinki cikin shuka a 'yan kwanaki. Awon da aka saba shi ne giram 5 na zinki salfet mai kashi 21 a kowace lita ta ruwa: giram 80 a famfon goyo mai lita 16, giram 100 a mai lita 20. Hekta kan sha kamar lita 200, wato kilo 1 a feshi guda. Ana yi sau biyu ko uku, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a fara tun masara na da ganye huɗu zuwa shida. Duka-duka kilo 2 zuwa 3 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙasa ke ci.

Ta fuskar kaya araha ce ƙwarai. Ta fuskar aiki kuwa da sauran magana: famfo goma sha biyu ko sha uku a kowane zagaye, ga ɗiban ruwa, ga kuɗin mai feshi, a daidai lokacin da noman farko ya sha kan kowa. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya a 2016, da yawanmu dama muna feshi a wannan lokacin, sai mutum ya so ya haɗa komai a famfo ɗaya. Kafin ka yi haka, haɗa kaɗan a kwalba ka bar shi minti goma sha biyar. Idan ya yi gudaji ko ya kwanta a ƙasa, a raba su. Kada a haɗa shi da takin ruwa mai fosfaras. Famfon da aka yi maganin ciyawa da shi kuma a wanke shi tas.

Haɗarinsa ƙuna ne. Wanda ya ce bari in ninka awo don ya fi aiki, gobe zai tarar da bakin ganye ya bushe. A yi shi da sassafe bayan raɓa ta ɗaga, ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba, ba kuma lokacin da hadari ya haɗu ba. Ruwan rijiya mai kanwa yana rage masa ƙarfi.

Abin da ya kamata a faɗa da gaskiya shi ne feshi bai gyara gona. Shukar bana ya yi wa magani, baɗi ciwon na nan yana jira. Kuma kafin ido ya ga alama an riga an yi asarar wani abu, domin masara tun tana ƙarama, wajen ganye shida zuwa takwas, take fara tsara girman goyon da za ta yi.

Akwai zinki mai alamar EDTA, yawanci kashi 12 cikin 100. Ba ya saurin ƙona ganye, yana jure ƙasa mai kanwa, kuma kaɗan ake sawa, bisa awon da ke jikin leda. Tsadarsa ta ninka ta salfet nesa ba kusa ba. Ga mai masarar gashi da zai sayar ɗanya da daraja, zai iya biya. Ga mai noman hatsi a jigawa, ban ga dalili ba. Su kuma kwalaben takin ruwa masu hoton ƙaton goyo, juya bayan kwalbar ka karanta. Da yawansu zinkin da ke ciki bai kai ya warkar da komai ba.

Masu tunanin feshi zai ƙara zinki a cikin tuwon iyali su sani yana ƙarawa idan an yi bayan fitar bunni, amma masara ba ta karɓa kamar yadda alkama ke yi. Zinkin taki kuma ba na sha ba ne, a ɓoye shi daga yara, domin kamarsa ɗaya da sukari.

Jiƙa iri

Ita ce mafi araha, kuma ita aka fi rainawa. A wani bincike da aka yi a Pakistan, aka wallafa a 2007, an jiƙa irin masara awa 16 a ruwa mai zinki kashi 1 cikin 100. A gwaji bakwai, matsakaicin amfani ya tashi daga tan 3.0 a hekta zuwa 3.8. Irin da aka jiƙa a ruwa zalla ya ba da 3.4, wato rabin ribar daga jiƙon kansa ta zo, domin jiƙaƙƙen iri ya fi saurin tsiro. Ƙasar can mai alli ce da ƙarancin zinki a fili, saboda haka kada wani ya ɗauka dole gonarsa ta Funtua ko Saminaka ta ba da daidai wannan. Abin da ya nuna shi ne ɗan zinkin da ƙwaya ta sha yana raka tsiro a makonnin farko, lokacin da saiwa ba ta yi nisan da za ta nemo da kanta ba.

Kashi 1 na zinki tsantsa yana nufin kamar giram 45 na mai kashi 21 a lita. Irin hekta guda, kilo 20, zai nutse a lita 20 zuwa 25, kilo 1 na zinki salfet ya isa. A jiƙa da yamma, a tsame da safe, a baza a inuwa ya sha iska, a shuka a ranar.

Haɗarinta ya fi na sauran kaifi, domin iri ake wasa da shi. Idan ruwan ya yi ƙarfi ko jiƙon ya wuce lokaci, tsiro zai ragu. Jiƙaƙƙen iri ba ya jiran ruwa, ba a yin shukar binne da shi, sai ƙasa na da danshi sosai. Irin kamfani mai jan magani kuwa, jiƙo zai wanke maganin da ka biya kuɗinsa, ruwan ya zama guba ga kaji da awaki. Wannan hanya ta fi dacewa da mai ajiye irinsa na SAMMAZ, wanda cibiyar Samaru ke fitarwa, ko na gida, ya jiƙa, ya sha iska, sannan ya shafa maganin iri. Kuma kowa ya gwada da ƙwaya 100 mako guda kafin shuka, ya ƙirga nawa suka tsiro, ya kwatanta da 100 da ba a jiƙa ba. A ƙasar da ƙarancin ya yi tsanani, jiƙo kaɗai ba zai kai masara har goyo ba, sai an bi shi da feshi.

Takin gargajiya

Kashin kajin gidan gona ya fi na shanu zinki nesa, saboda ana sa zinki a abincinsu, yawanci ɗaruruwan miligiram a kowane kilo na busasshe. Tan biyar na iya kawo kilo ɗaya ko biyu, ga naitirojin da fosfaras, ga gyaran ƙasa da ke sa zinkin da ke nan tun asali ya saku. Kashin shanu kuwa abin da saniya ta ci shi take mayarwa, idan ciyawar yankin ba ta da shi, takin ma haka. Matsalar nauyi ce da kuɗin mota, da ɗanyen kashin kaji da ke ƙona yabanya, da irin ciyawa da ke biyo na dabbobi. Sharar birni a tsince ta da kyau, tsofaffin batura na kawo dalma cikin gona. Gonakin bayan gida da ke shan taki kowace shekara da wuya ka ga farin ganyen nan a cikinsu.

| Hanya | Abin da hekta ke ci | Tsada | Daɗewa | Aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Zinki salfet a ƙasa | kilo 25, ko 15 na mai kashi 33 | mai nauyi a shekarar farko | shekara 3 ko fiye | sai an cakuɗa da rairayi | rabo mara daidai |
| Kamfa mai zinki | rabin kilo na zinki a buhu mai kashi 1 | ɗan ƙari kan kamfa | damina 1, ya fi idan buhu da yawa | ba ƙarin aiki | jabu |
| Feshi | kilo 2 zuwa 3 | kaya araha, ƙwadago tsada | damina 1 | zagaye 2 ko 3 | ƙuna |
| Jiƙa iri | kilo 1 | mafi araha | makonnin farko | dare ɗaya | raguwar tsiro |
| Kashin kaji | tan 3 zuwa 5 | kuɗin mota | shekara 2 zuwa 3 | mai nauyi | ƙuna idan ɗanye ne |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Idan gonar taka ce, ta gado ko ta saye, kuma ka ga alamar shekara biyu a jere a wuri ɗaya, zuba zinki salfet a ƙasa kafin huɗa. Ba lallai duk gonar ba, yankin da ke ciwo kaɗai, sai ka huta shekara uku. Wannan nake ba ɗan'uwana shawara a kai.

Idan gonar haya ce ta shekara ɗaya, kada ka gyara wa mai gona ƙasa da kuɗinka. Jiƙa iri idan naka ne, ka tanadi kilo biyu don feshi.

Idan yau ka shiga gona ka tarar da farin ganye, ba sauran zaɓi, feshi ne cikin wannan makon, a maimaita bayan kwana goma, sannan ka kafa alama a wurin don baɗi.

Mai hekta goma zuwa sama da ke zuba buhu shida ko fiye, wanda leburori suka fi kaya yi masa tsada, kamfa mai zinki daga dillali amintacce ta fi masa. Mai buhu biyu kuwa, ƙarin kuɗin da zai biya gara ya sayi zinki salfet daban ya san abin da ya zuba.

Mai noman rani a ƙasa mai kanwa ko filin da aka baje, musamman bayan shinkafa, ya binne a gindi lokacin shuka, kuma ya sa ran zai bi da feshi ɗaya idan hunturu ya yi tsanani. Mai kusa da gidan kaji ya fara da abin da ke kusa da shi.

Wanda kuma har yanzu yake kokwanto, ya sayi kilo biyu kawai. Ya ware kunya goma ya sa musu, goma na kusa ya bar su haka, ya maimaita a wuri uku na gonar: kan tudu, tsakiya, da gangare. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, kamfa da yuriya daidai wa daida. Kada ya yanke hukunci da koren ganye a watan Yuli, domin zinki kan gyara launi ba tare da ya ƙara hatsi ba. Ya jira kaka, ya karya kunya shida na tsakiyar kowane kashi daban, ya shanya, ya casa, ya auna da mudu ɗaya. Idan ƙarin da ya samu, a farashin kaka ba na bazara ba, ya ninka kuɗin zinki da na aiki sau biyu, baɗi ya sa wa duk yankin da ya amsa.